Tsohon Triumph ko BSA, wanne zai iya da hamadar Mojave?

Sadiq, Lancaster:
Assalamu alaikum manyanmu na zaure. Shawara nake nema. Inda nake zaune a Kalifoniya bakin hamadar Mojave ne, kuma na ɗan tara wani abu ina so in sayi tsohon babur na Ingila in shirya shi irin na tseren hamada na da, wanda mutanen nan ke kira desert sled. Ba gasa zan shiga ba, yawon ƙarshen mako ne kawai a daji. Uku na gani na sayarwa. Akwai Triumph TR6 na 1967, babu fitila babu sirdi, an ce ya daɗe a ajiye amma inji yana juyawa. Akwai BSA Hornet na 1966. Sai Bonneville na 1970, shi cikakke ne yana ta ƙyalli, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Wanne zan ɗauka?

Nura, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ɗauki na huɗu. Nemi Honda XR ko Suzuki DR na hannu, ka zuba mai ka kama gabanka. Babur da ya girmi babanka za ka shiga daji da shi?

Alhaji Garba, Birmingham:
Nura, yaron bai tambaye ka wanda ya fi sauƙi ba. Sadiq, TR6 ɗin za ka ɗauka, Bonneville kuwa ko waiwayensa kada ka yi. Injinsu kusan ɗaya ne, silinda biyu, cc 649, amma Bonneville kabureta biyu gare shi, TR6 guda ɗaya. A kan kwalta biyun suna ƙara masa ɗan gudu idan an buɗe wuta sosai. A cikin ƙura kuwa aiki ne ya zama biyu: matatar iska biyu, wayar totur biyu, kuma kullum jijjiga tana raba musu saiti. Mai guda ɗaya ya fi ja tun inji yana ƙasa-ƙasa, kuma abin da yashi ke so ke nan.

Ban da haka, babur cikakke mai ƙyalli ba a tuɓe shi. Za ka biya kuɗin fitila da agogo da salansa masu kyau, ka zo gida ka kwance su ka jibge a lungu. Ka yi asarar kuɗi, kuma ka rage wa duniya Bonneville ɗaya mai asali. Wanda wani ya riga ya tuɓe, shi ne rabonka.

Anti Rabi, Coventry:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma TR6 ɗin ma ai dominku mutanen Kalifoniya aka yi shi. Masana'antar Triumph a lokacin tana Meriden, nan kusa da mu, amma masu matsa lamba a yi shi su ne Johnson Motors na Pasadena, waɗanda ke rarraba Triumph a yammacin Amurka a wancan zamani. Triumph suna da Trophy mai cc 500 tun 1949, mahayan hamada suka ce ƙarfi ya yi kaɗan, aka saka masa injin 650 a 1956. A shekarar da ya fito ya shiga tseren Big Bear, ya kwashe na ɗaya da na biyu da na uku.

Sai ka san yadda tseren yake kafin ka gane dalilin da ya sa baburan suka ɗauki wannan siffa. Ɗaruruwan mahaya ne ke jeruwa sahu guda a faɗin fili, kowa inji a kashe. Can nesa, mil da yawa, an cinna wa tsofaffin tayoyi wuta, hayaƙi ya miƙe sama. Da an sauke tuta kowa ya buga kik ya nufi hayaƙin, babu hanya, kowa ya zaɓi tasa tsakanin duwatsu da ƙananan itatuwa. Daga wurin hayaƙin ne ake fara bin alamar farar ƙasa da aka zuba. Wanda injinsa bai tashi a bugun farko ba, ƙurar kowa zai sha har yamma. Na Big Bear daga wajen Lucerne Valley ake tashi, a yi kusan mil 150 a hau dutse har gefen tafkin. A na 1960, wanda shi ne na ƙarshe, mutum 765 suka tashi, kuma wanda ya ci yaro ne ɗan shekara 16, Eddie Mulder, a kan Royal Enfield. Bud Ekins, mai shagon Triumph a Sherman Oaks a lokacin, sau uku yana cinye tseren.

Ɗanjuma, Leicester:
To kun ji dai, na ƙarshen ba Triumph ne ya ci ba. Ni fa ban yarda a binne BSA haka da rana tsaka ba. Chuck Minert ya ci tseren tsibirin Catalina a 1956 a kan Gold Star, har kamfanin ya fitar da samfuri mai suna Catalina Scrambler a 1959. Silinda ɗaya, cc 500, siriri, kayan da za su lalace ba su da yawa. Kuma kowa ya san firam ɗin BSA na wancan zamani ya fi na Triumph tsayuwa. Alhaji, kana zaune a garin da aka haifi BSA kana yi wa Meriden talla?

Alhaji Garba, Birmingham:
Malam Ɗanjuma, tun 1951 BSA ta saye Triumph, don haka duk aljihu ɗaya kuɗin suka shiga. Gold Star ban ƙi ba, amma je ka tambayo kuɗinsa yau ka dawo mu yi magana. Kuma wanda Sadiq ya gani ba Gold Star ba ne, Hornet ne, injin A65, shi ma kabureta biyu. A65 yana da wuri guda da ake jin tsoro: gefen dama na kiranshaf ba boris ne ke riƙe shi ba, bush ne, kuma ta cikinsa baƙin mai ke bi ya isa hannun fistin. Idan bush ɗin ya ci, mai ya tsiyaye a nan, hannun hagu ya zauna da ƙishi. Ana gyara shi, kamfanin SRM da ke Wales sun yi suna a kan mayar da shi boris, amma wani kuɗin ne kuma.

Maganar firam kuwa ka yi gaskiya rabi. Na Triumph na 1960 ya riƙa tsagewa a wuya, sai da suka ƙara masa wani bututu ƙarƙashin tanki. Daga 1963, da aka haɗe inji da giyabos a gida ɗaya, aka yi sabon firam aka kuma tallafe hannun tayar baya ta gefe biyu. Na 1967 ba shi da waccan matsalar.

Ɗanjuma, Leicester:
Na ji. Amma in da ni ne mai kuɗin, Norton P11 zan nema. Injin Atlas mai cc 750 a firam ɗin Matchless G85CS, an fitar da shi 1967 musamman don hamadar nan, kuma Mike Patrick ya ɗauki lamba ɗaya da shi a 1968.

Alhaji Garba, Birmingham:
Kaɗan aka yi, kayansa wahalar samu gare su. Yaro na son hawa ne, ba jiran ɗan aike ba.

Baba Ilu, Kano:
Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Lokacin da nake yaron shago ragowar baburan Ingila suna zuwa mana, kafin na Japan su cinye kasuwa, don haka hannuna ya shiga cikinsu. Duk kuna ta maganar suna, babu wanda ya taɓo abin da ke kashe injin. Sadiq ɗana, ka ce an ce ya daɗe a ajiye amma yana juyawa. To kada ka yarda mai shi ya tayar maka don ya burge ka, kai ma kada ka tayar idan ka kai gida.

Injin nan ba shi da matatar baƙin mai irin ta zamani, 'yar raga ce kawai. Abin da ke tace masa datti wani bututu ne a cikin kiranshaf. Idan inji yana juyawa, dattin da ke cikin mai sai ya maƙale a bangon bututun, mai ya wuce. Shekara da shekaru yana taruwa har ya daskare, kamar gindin randar da ba a taɓa wankewa ba. Ranar da ya cika, ko ranar da sabon mai na zamani ya ɓamɓaro shi, hanya ta toshe. Mai ta dama yake shiga, saboda haka hannun fistin na hagu ne ke fara ƙonewa, wani lokaci ya fasa gidan inji ya leƙo waje. Babu dabarar wanke shi daga waje. Sai an sauke inji, an raba shi biyu, an ciro kiranshaf, an kwance toshiyar an zaro bututun. Idan mai babur ya ce an yi, ka ce ya nuna maka hoto ko rasit. In babu, ka ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi.

Bayan an haɗa, ka sa masa matata a kan tiyon da ke mayar da mai tanki. Kuma duk safiya in ka tayar, buɗe murfin tankin baƙin mai ka ga yana dawowa kafin ka ɗaga ƙafa.

Sadiq, Lancaster:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi niyyata ke nan, in zuba sabon mai in buga kik. Wane mai zan sa bayan gyaran?

Baba Ilu, Kano:
20W50, mai kauri. Ka riƙa canzawa da wuri, ƙura ba ta da tausayi. In ka ga yana ɗan ɗiga a ƙasa kada hankalinka ya tashi, halinsu ne. Ranar da ya daina ɗiga gaba ɗaya, duba tanki.

Kabiru, Bakersfield:
Sadiq ƙanena, ashe maƙwabta muke. Bari in faɗa maka abin da zai same ka a nan, tunda su Alhaji daga nesa suke hangowa.

Ka fara da lamba. A gefen hagu na inji, ƙarƙashin silinda, akwai lambar da aka buga, akwai irinta a wuyan firam. A shekarar da ka ambata za ka ga TR6R ko TR6C, sai DU, sai lambobi. R na titi ne, C shi ne mai salansa a sama da ƙaramin tanki. Ka duba ko biyun sun dace da juna da kuma takarda. In ba su dace ba babur ɗin bai lalace ba, yawancin na hamada haka suke don an sha canza musu inji, amma farashi ya kamata ya sauka. Abin da za ka guje wa shi ne wurin lamba da aka goge aka sake bugawa. An fi yi wa T120TT, wato Bonneville na tsere, wannan saboda tsadarsa, amma ko'ina ana yi.

Sannan ka kwanta ƙasa ka leƙa cikin babur. Bututun firam na ƙasa, in ya sha duwatsu, za ka gan shi a lotse. Ka duba gidan inji wajen sufaket na gaba, inda sarƙa ke fasawa in ta tsinke, ko an yi walda.

Doka kuma: yawancin filin nan na BLM ne, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, kuma ba ko'ina ake shiga ba. Akwai wuraren da aka ware, Johnson Valley, El Mirage, Jawbone Canyon, Spangler Hills wajen Ridgecrest. Sai da rajista, ko lambar titi ko koren sitika na daji. Kuma dole salansa ta kasance da ragar tare tartsatsi. Waɗancan buɗaɗɗun bututun da kake gani a tsofaffin hotuna, yau tara za su jawo maka. Ni shawarata ka bar masa 'yar fitila gaba da baya ka yi lambar titi, don ka iya fita daga gida a kansa, ba sai ka nemi akori-kura ba.

Musa, Agadas:
Ina ta karatu ina mamaki. Babur mai nauyin kilo 160 da wani abu a cikin rairayi? Mu nan in ka fita gabas wajen Tenere da irin wannan, tayar baya za ta haƙa wa kanta rami ta zauna. Ko hamadar tasu daban ce?

Kabiru, Bakersfield:
Daban ce ƙwarai, Malam Musa. Mojave yawancinta ƙasa ce mai tauri da tsakuwa da duwatsu da ƙananan itatuwa, sai busassun tafkuna shimfiɗaɗɗu, sai kwazazzabai masu yashi inda ruwa ke bi in an yi sama. Tuddan rairayi irin naku kaɗan ne. Shi ya sa nauyi bai hana su ba. Dogon babur mai nauyi, in ya ɗauki gudu, ba ya rawa, yana bi ta kan ƙananan abubuwa ya wuce. Maganinsa a yashi shi ne ka koma baya a kan sirdi, ka buɗe wuta, kada ka saki. Da ka saki totur gaba ya nutse.

Anti Rabi, Coventry:
Malam Musa, garinku ma ai ya taɓa karɓar baƙuncin babur ɗin Ingila tun kafin a ƙera TR6. Mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, sun bar Landan ranar 11 ga Disamba 1934 a kan Panther mai cc 600, da kwando a gefe da tirela a baya. Suka ratsa Sahara ta In Salah da Tamanrasset. Inji ya lalace musu kafin su kai Agadas, suka zauna a garin makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila. Daga nan suka gangaro Kano, suka isa Cape Town a ƙarshen Yulin 1935.

Musa, Agadas:
Ikon Allah. Mu abin da manyanmu ke ba mu labari shi ne tseren Paris zuwa Dakar, da ya biyo ta nan a karon farko a 1979. Amma lokacin Yamaha XT500 ne ya ci, Cyril Neveu ke kai. Ban taɓa jin an ambaci na Ingila a ciki ba.

Nura, Kaduna:
Yauwa, Malam Musa ya kawo ni inda nake so. In suna da kyau haka, ina suka tafi? Alhaji, amsa.

Alhaji Garba, Birmingham:
Zan amsa, ba na jin kunyar gaskiya. Masu sauƙin nauyi ne suka kore su. Tun tsakiyar shekarun 1960 Greeves, shi ma ɗan Ingila ne amma ƙaramin inji mai cin gaurayen mai, ya fara ba manya kunya. Sai Husqvarna ta zo daga Sweden, ta fi TR6 sauƙi da kusan kilo 50, J.N. Roberts da Malcolm Smith suka hau. A tseren Baja na farko a 1967 su biyun ne suka zo gaba a cikin masu babur. Tseren Barstow zuwa Las Vegas ma a 1967 aka fara shi, ya girma har mahaya suna kai dubu uku, amma kafin ya kai haka manyan Triumph sun zama 'yan rakiya. Sannan Japan ta shigo da araha. Su kuma masu masana'antu a nan suna ta rigimar kuɗi, BSA ta durƙushe a farkon shekarun 1970, Meriden ta ja har 1983 ta rufe.

Don haka in gudu kake so ko sauƙi, Nura ya fi ni gaskiya. Shokozoba na gaba tafiyarsa wajen rabin ta babur ɗin zamani ce, na baya ko haka bai kai ba. Ramin da XR zai haɗiye bai sani ba, TR6 zai aiko maka da shi har ƙashin baya. Amma Sadiq bai ce zai yi tsere da kowa ba. A gudun da mai hankali ke yi a daji, babur ne mai ƙasa, ƙafarka tana taɓa ƙasa, inji yana ja ba sai ka yi ta canza giya ba, kuma duk abin da ya same shi kana iya ganinsa da ido ka taɓa da hannu.

Nura, Kaduna:
To Allah ya ba da sa'a. Ni dai na faɗa.

Sadiq, Lancaster:
Yaya Nura na ji, kuma ban ƙi ba. Alhaji, in na ɗauki TR6 ɗin, me zan fara saya? Na ga hotunan wasu da sirdin Bates da cokulan gaba na Ceriani, har da wani firam mai ƙyalli da ake kira Rickman.

Alhaji Garba, Birmingham:
Ka ga inda samari ke ɓata kuɗi ke nan, sai su fara da abin da ake gani a hoto. Bayan aikin da Baba Ilu ya faɗa, abin farko farantin ƙarfe ne a ƙarƙashin inji, mai kauri, mai faɗin da zai rufe har gefuna. Gidan injin nan alminiyom ne, dutse ɗaya ya ishe shi. Na biyu matatar iska, babba gwargwadon abin da wuri zai ɗauka, kuma ka tabbatar robar da ta haɗa ta da kabureta ba ta da ko tsaga ɗaya. Mutanen da suna cire akwatin batir gaba ɗaya don matata ta sami wuri. Ƙurar da ta wuce matata ita ke cinye ringi da silinda. Na uku shokozoba na baya sababbi, a ɗan ƙara musu tsawo kaɗan, kada ya yi yawa sarƙa ta riƙa gugar firam. Na huɗu kan babur mai faɗi mai sanda a tsakiya. Sirdi shi ne na ƙarshe, kuma ba sai Bates na asali ba, duk mai ɗinkin kujerar mota zai yi maka mai kauri. Kaurin ba ado ba ne, shi ke cike gurbin shokozoban da babu.

Rickman kuwa wani babi ne. 'Yan'uwa biyu, Don da Derek Rickman na New Milton, suka ga injin Triumph ya fi firam ɗinsa kyau, suka ƙera nasu da bututun Reynolds 531, aka yi masa ruwan nikel, baƙin mai yana zama a cikin bututun firam ɗin. Metisse suke kiransa. Ya fi sauƙi, ya fi juyawa. Amma tunda aka san ɗan fim ɗin Amurka Steve McQueen ya hau irinsa, farashi ya bar hannun talaka. Shi McQueen ɗin mahayi ne na gaske, yana cikin tawagar Amurka da ta je gasar kwana shida a Erfurt ta Jamus ta Gabas a 1964 tare da Bud da Dave Ekins, duk a kan Triumph. Sai dai sunansa ya ƙara wa kowane tsohon noti kuɗi.

Kabiru, Bakersfield:
Ƙari a kan Rickman: tankinsa na asali ba ƙarfe ba ne, faiba ne, kuma fetur ɗinmu na nan akwai etanol kashi goma cikin ɗari. Yana narkar da tsohon faiba, ya bi ta kabureta ya maƙale a bawul. Ko a TR6 ɗinka ka canza tiyon mai da abin da ke iyo a cikin kabureta zuwa na zamani. Amal, masu kaburetarsa ta asali, har yanzu suna yin sababbi. Wasu suna sa Mikuni, yana aiki lafiya, sai dai tsofaffin nan za su harare ka.

Ɗanjuma, Leicester:
Wuta fa? Ba wanda ya yi maganar wuta. Ni na fi yarda da maganeto, babu ruwanka da batir.

Baba Ilu, Kano:
Maganeto na tsofaffin ne, masu giyabos a ware, kafin 1963. Nasa ba shi da wurin ɗaura shi ba tare da dabara ba. Kuma tsohon maganeto yana da hali: da safe ya tashi bugu ɗaya, in ya yi zafi ka kashe, sai ya ƙi har ya huce. Kwandensa ce ta tsufa a ciki. Wanda zai dogara da shi a daji sai ya ba da an sake naɗa shi.

Kabiru, Bakersfield:
Haka ne Baba. In nasa C ne na 1967, mai yiwuwa yana da tsarin nan marar batir da ake kira ET, wanda in saiti ya kauce kaɗan wuta ta raunana. Yawancin masu hawa yau suna sa na lantarki, Boyer ko Pazon, da ƙaramin batir a ƙarƙashin sirdi. Abu ɗaya dai Sadiq ya riƙe: wayarin ɗin Ingila na lokacin, jan waya ce ke zuwa jikin babur, wato fozitif ne a ƙasa. In ka ba mai gyaran da ya saba da na Japan bai sani ba, zai juya batir ya ƙona maka kaya.

Musa, Agadas:
Taya fa? Mu nan 21 muke so a gaba.

Alhaji Garba, Birmingham:
Na asali 19 ne a gaba, 18 a baya, kuma mutanen hamada sun fi son mai faɗi a gaba don ta yi iyo a kan yashi ta kuma kare rim daga dutse. Ni zan bar shi haka.

Kabiru, Bakersfield:
A nan ni da Alhaji mun rabu, ranka ya daɗe. 21 ta fi hawa kan dutse da rami, kuma tayoyin daji masu kyau sun fi yawa a wannan girman. Sai dai tana ɗaga gaba, sai an daidaita baya. Sadiq ya fara da wadda ya tarar a jiki, in sufok ɗin ba su yi tsatsa ba. Abin da ba na jayayya a kai shi ne tub mai kauri da maƙallin da ke riƙe taya a jikin rim, don in ka rage iska taya ba za ta zame ta tsinke bakin tub ba.

Anti Rabi, Coventry:
Wani abu da ba a faɗa masa ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Sadiq, giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin duk babur ɗin da ka taɓa hawa. Sai a tsakiyar shekarun 1970 suka juya saboda dokar Amurka. A Triumph giya ta ɗaya ƙasa ce, sauran ukun sama. Kanka zai gane cikin minti biyar, amma ranar da rami ya ɓullo maka ba zato, ƙafa abin da ta saba za ta yi. Ka je busasshen tafkin El Mirage, inda babu abin da za ka buga, ka yi ta tsayawa da tashi har ƙafar ta koya. Kuma kada ka shiga daji kai kaɗai, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato.

Kabiru, Bakersfield:
Ba zai shiga shi kaɗai ba Anti, ga ni. In ya kammala kafin ƙarshen Nuwamba ma akwai tafiyar da ake yi duk shekara daga yankin Los Angeles zuwa Barstow zuwa Las Vegas, kwana biyu, ba tsere ba ce. Tseren na asali an hana shi bayan 1989 saboda kunkurun hamada da doka ta ba kariya, wannan ita ce ta rage. Sai babur mai lambar titi ake karɓa, wani dalilin ke nan na barin fitila.

Sadiq, Lancaster:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi wa mai TR6 magana, ya turo hoton lamba, TR6R ne kuma inji da firam sun dace. Ya ce bai san ko an taɓa buɗe injin ba. Yaya Kabiru, in kana da sarari ranar Asabar mu je tare. Ina da akwatin sufana na milimita da na inci, zan taho da su.

Alhaji Garba, Birmingham:
R ɗin ma ya yi, salansa da tanki ne bambancin da za ka ji a jiki, kuma dama canza su za ka yi. Amma sufanun nan naka biyu babu wanda zai zauna daidai. Na 1967 kan notinsa ma'aunin Whitworth ne, zaren kuma na Ingila ne, sai wajen 1969 suka koma irin na Amurka, shi ma ba duka lokaci ɗaya ba.

Baba Ilu, Kano:
Kada ka bari kowa ya ɗora masa lamba 13 ya ce ai ta kusa. Haka ake mayar da kan noti ƙwallo. Kuma kowane noti ka kwance, ka ajiye shi da abokinsa a leda ka rubuta inda ya fito, don in ya ɓata ba za ka same shi a shagon unguwa ba.

Alhaji Garba, Birmingham:
Akwai kasuwar tsofaffin babura da ake ci a Stafford, Afrilu da Oktoba, ina zuwa in Allah ya yarda. Saitin Whitworth na hannu ba ya tsada a can, zan duba maka har da abin zare kulochi, don shi ma sai da nasa. Kafin nan Kabiru ya ara maka.

Kabiru, Bakersfield:
Akwai, zan sako su a mota. Asabar bayan sallar Asuba zan taso, kafin rana ta yi zafi. Ka tanadi tocila da igiyar ɗaure kaya guda huɗu, ka kuma ce wa mutumin kada ya zuba masa fetur kafin mu iso.